Gurbi Biyu a Bangon Kaka

Duk inda na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar laka, ko da a bakin hanya ne ana yaɓen katangar wanda ban sani ba, sai ƙafata ta rage sauri. Ba ƙamshin ruwan farko nake nufi ba, wannan kowa ya san shi. Ina nufin lakar da aka kwaɓa da ciyawa aka bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, wadda in ka sa hannu a ciki sai ka wuni kana jin ta a farcenka. Ƙamshin nan yakan ɗauke ni ya kai ni wani ƙauye bisa tudu, tsakanin Tamaske da Keita, ya tsayar da ni a ɗakin kakata ina ƙirga farantai a bango.

Bari in gaya maka halina tun da wuri, don ka gane abin da ya faru. Ni mutum ne da ba ya iya ganin giɓi ya yi shiru. In maɓalli ya fita a rigar wanda muke hira da shi, to ya yi ta magana, ni dai maɓallin nake kallo. Shekara talatin na yi ina awon filaye a Yamai, kuma ina jin wannan halin ne ya kai ni can. A ɗakin kaka aka fara gane shi.

Gidanmu da dutse da laka aka gina shi, kamar sauran gidajen tudun. Ɗakin kaka yana can ƙurya, ƙofarsa gajera ce, babba sai ya sunkuya. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da duwatsun waje ke ƙona tafin ƙafa, in ka shiga sai ka ji sanyin daɓe ya hau maka har gwiwa. Akwai gadon kara, da adudu inda take ajiye zannuwan fita, da ƙorai a rataye cikin ragaya, da wani baƙin akushi da ya sha man shanu har ya daina jin ruwa. Amma abin da ya ɗauki raina shi ne bangon da ke kallon ƙofa. An liƙa masa ƙananan farantan tangaran a cikin laka, kowane kamar tafin hannu, fari mai shuɗin baki da ɗan fure a tsaka. Kakana namiji ne ya kawo su daga fatauci, a bayan jaki, naɗe da auduga, tun ba a haifi babana ba. Da hantsi, in rana ta leƙo ta ƙofa ta same su, sai hasken ya bazu har kan gado.

Jeri uku ne, bakwai-bakwai. Ko kuwa in ce haka ya kamata su zama, don a jerin ƙasa akwai gurbi uku, ramuka zagayayyu, babu komai a ciki. Na ƙirga daga dama, na ƙirga daga hagu, kullum goma sha takwas.

Na tambaya har na gaji. Kaka, da yake wasan jika ne tsakaninmu, ba ta taɓa ba ni amsar kirki ba.

"Ɓera yac cinye su, mijina," in ji ta. "In giɓin ya dame ka, tahi Kano ka sawo mani. Miji ke nan, sai tambaya."

Innata kuwa cewa ta yi maganar mata ce, in fita in ba ta wuri. Babana da na tambaye shi, sai na gane bai ma san da wani rami a bangon ba. Shi kaɗai ne namiji a ƴaƴan kaka. Sauran uku mata ne, duk an yi musu aure sun bar gida kafin in yi wayo. Babbar tana wajen Bouza, ta tsakiya tana wajen Ibohamane, autar kuwa ban taɓa ganinta ba. An ce a wata shekarar yunwa ta bi mijinta kudu, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Ba a cika zancenta ba a gidan.

Da na rasa mai gaya mini, sai na shiga ƙirƙiro dalilaina. Wata rana in ce ɓarawo ne, wata rana in ce faɗowa suka yi suka fashe, kaka na jin kunyar faɗi. Na kuma sa mata ido. A nan na lura da wani abu. Kowace safiya, bayan ta idar da salla, kafin ta ɗauki tsintsiya, takan je ramin ƙarshe, na kusa da gado, ta sa yatsu uku ta shafa shi zagaye ɗaya, leɓunanta na motsi. Sauran biyun a bushe suke, da kaushi, har gizo-gizo kan yi saƙa. Shi wannan ya yi santsi, ya yi duhu, yana ƙyalli kamar cikin akushinta. Ran da na kai yatsana, sai na ji ta riƙe mini wuyan hannu. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce wannan ba nawa ba ne.

Ina da wajen shekara takwas, bayan an gama ɗaurin gero, aka aiko babbar gwaggo ta rasu. Manya suka tafi gaisuwa suka dawo. Ni ban san ta sosai ba, abin da na fi tunawa shi ne kwana uku ba a yi mini faɗa ba. Bayan ƴan kwanaki wani mutum ya zo bisa jaki, ya miƙa wa kaka wani abu ƙulle a tsumma, ya sha ruwa ya juya. Da la'asar na tarar da ita a ɗaki ta kwaɓa laka a sakaina da hannunta, ga faranti fari mai shuɗin baki a cinyarta. Ta shafa laka a ramin farko, ta danna farantin, ta goge bakinsa da gefen zane.

Murna ta kama ni. Na yi tsalle na tafa hannu.

"Saura biyu, kaka! Saura biyu bango shi cika!"

Ta daɗe tana kallona.

"Saura biyu," ta ce. "Allah kar shi nuna mani."

Na ɗauka rowa ce irin ta tsofaffi, ba ta son a sa ta sayen wasu. Na fita wasa, na bar ta zaune da lakar a hannu.

Daga nan lakwal, wato makarantar boko, ta ɗauke ni, Keita, Tawa, sannan Yamai. Kaka ta rasu ina Tawa. Babana ya bi ta, innata ta bi shi. Ƙannena suka tafi Abijan bida, wato ci-rani, suka yi iyali a can. Aka ja ƙyauren gidan aka sa dutse. Awakin maƙwabta ne suka gaji ɗakin kaka, gefe ɗaya na rufin kuma ya zube.

Da na aje aiki, na je gaida gwaggo ta wajen Ibohamane. Ita kaɗai ta rage mana a manya. Mijinta ya rasu, ɗiyanta maza duk suna waje, idonta ya yi rauni, sai ta shafa fuskarka take tabbatar da kai ne. Muna cikin hira sai ta ce:

"Ɗana, da ɗakin inna na tsaye, can ni ka son mutuwa ta iske ni."

Ɗakin kaka take nufi. Maganar ta tsaya mini a ƙirji. A hanya na kira ƙannena. Suka ce abu mai sauƙi, a rushe, a yi bulo da siminti, a sa kwano. Na ce ba ɗaki ta ce tana so ba, ɗakin inna ta ce. Na yi wa kaina alkawari daminar bana a ciki za ta yi ta, kuma za ta tarar da shi yadda ta bar shi.

Na samo wani tsohon magini a ƙauyen, mutum mai ƙarancin magana, wanda ya ƙi auna komai da igiyar awona, ya ce idonsa ya ishe shi. Muka ɗaga rufi, muka sa sababbin azara, muka gyara indararo. Daɓe ne ya ba mu wuya, don sai da aka bi gida-gida kafin a sami tsofaffi huɗu da suka tuna yadda ake yinsa da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa. Suna bugu suna waƙa, ƴanmata sun kewaye su da wayoyi suna ɗauka suna dariya. Bangon farantai kuwa Allah ya tsare shi, don ba shi ne ke shan ruwan gabas ba. Da na goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, sai ga su sun fito, goma sha tara, biyu sun tsage amma suna nan. Ga kuma ramuka biyu suna kallona kamar jiya muka rabu.

Kayan ɗakin duk sun watse, don haka na shiga yawon kasuwanni da gidaje ina neman irinsu. Wata uku na yi ina wannan aiki, kuma ban ɓoye maka ba, ban taɓa jin daɗin aiki kamarsa ba. Mutane suka sa mini suna mai tarkace. Wata mata da na taya akushin da kajinta ke shan ruwa a ciki, ta dube ni daga hula har takalmi ta tambayi mai rakiyata ko lafiyata ƙalau. Na koyi gane tsohon akushi da nauyinsa da ɗinkin wayar da ke bakinsa. Na koyi cewa adudu na gaske in ka buɗe shi, ko shekara nawa ya yi a wofi, sai ka ji turaren mai shi. Tabarmi a Madawa na saye su. Ragaya ban samu tsohuwa ba ko ɗaya, gara ta cinye su duka, sai wani dattijo a Bouza ya saƙa mini sabuwa, yana yi yana tambayata wa zai rataya ƙwarya a wannan zamani. Kowane abu na ɗauka sai na tsare mai shi da tambaya, wa ya sassaƙa, da wane icce, me ya sa gindin ya karkace. Na tambayi baƙi abu dubu. Wadda ya kamata in tambaya abu guda tana zaune a Ibohamane, ban je ba, don ina son in ba ta mamaki.

Farantan ne suka fi wahalar da ni. Na auna ramukan, na zana furen a takarda, ina yawo da ita a aljihu. Duk inda na nuna sai a fito mini da na roba ko sababbi masu walƙiya. A Galma na sami na farko, wata mai daddawa ta ɗora hajarta a kai. Na biyun a Madawa yake, wurin wani mai tsofaffin kaya, ƙarƙashin tulin kwaɗuna marasa mabuɗi. Shuɗinsa ya ɗan fi na kaka haske, amma faɗin daidai yake. Na naɗe su da rawanina na riƙe a cinya har gida.

Da na dawo, na tarar magini ya gama yaɓen ciki, amma ya kewaye ramukan biyu, bai taɓa su ba. Na ba shi farantan na ce ya liƙa. Ya juya su a hannu ya mayar mini, ya kira ni da sunan da ake kiran ɗan boko a wajenmu.

"Mushe, gurbin ga, ka tambayi mata kahin ka taɓa?"

Na yi dariya na ce na tambaye su tun shekara hamsin da suka wuce, sun ce ɓera ne.

"Ni dai hannuna ba shi zuwa nan," ya ce. "Ban san dalili ba. Amma ramin da anka shahwa har yay yi ƙyalli, ba mantuwa anka yi da shi ba."

Na ji maganar, na kuma bar ta ta wuce. Na kwaɓa laka da kaina. Ramin farko bai ba ni wuya ba. Na ƙarshen, mai santsin, laka ta ƙi kama shi, tana zamewa. Sai na ɗauko wuƙa na kankare shi sosai har sabuwar ƙasa ta fito, sannan na danna farantin. Na ja da baya na ƙirga, ashirin da ɗaya. Wallahi sai da na ji wani abu da ya tokare ni tun ina yaro ya sauka.

Ranar da na ɗauko gwaggo, hadari ya fara leƙowa a gabas amma ruwa bai sauka ba tukuna. Da hantsi muka iso. Kayanta ba yawa, ƙunshi biyu da buta. Ta sunkuya a ƙofar ba tare da an ce mata ta sunkuya ba. Ta cire takalmi ta taka daɓen, ta tsaya, ta ja numfashi.

"Makuba," ta ce. "Kai, ɗan ga."

Ta shafa gado, ta shafa adudu, ta ɗaga akushi ta ce na inna ya fi shi nauyi, an cuce ni. Tana ta tsiya tana dariya, ni kuwa kaina sai kumbura yake. Sannan ta juya wajen bangon. Ta ɗora hannu a jerin ƙasa tana bi ɗaya-ɗaya, da gani ta san inda za ta. Ta wuce wanda kaka ta liƙa bayan rasuwar babbar gwaggo. Yatsunta suka kai inda suke sa ran rami, suka ci karo da tangaran. Ta tsaya. Ta matsa gaba zuwa na ƙarshen, nan ma tangaran. Ta janye hannun kamar ta taɓa wuta.

Ta laluba ƙofa ta fita, ta zauna a gindin aduwar tsakar gida, ta ce kada a kwance mata kaya. Na bi ta na durƙusa, ina tambaya ko wani abu ne bai yi ba.

"Wa yah hwaɗa maka na mutu?"

Na ce subhanallahi, gwaggo, wace irin magana ce wannan.

"To, ni ga ni zaune, ka rufe ni. Wannan da sauƙi. Ita auta fa? Wa yak kawo maka labarinta? Ina anka bizne ta? Hwaɗa mani, in ka ji, don ni shekara sittin ina jira."

Ta jawo ƙaramin ƙunshin ta kwance, ta fito da wani abu naɗe da tsumma cikin tsumma. Faranti ne fari mai shuɗin baki. A bayansa har yanzu akwai ɓurɓushin jar lakar bangon nan.

Ta gaya mini abin da na yi shekara hamsin ina nema, cikin magana kaɗan. Ran da za a kai ɗiya gidan miji, da sassafe kaka kan jiƙa bango ta ɓamɓare faranti guda ta sa mata a cikin kaya. Gurbin da ya bari shi ne wurin ɗiyar a gidan. Muddin yana buɗe, tana da rai, kuma tana da inda za ta komo in duniya ta yi mata zafi. Faranti ba ya komawa bango sai mai shi ta rasu.

Sai na ga yaron nan ɗan shekara takwas yana tsalle yana tafi gaban uwar da ta gama rufe gurbin ƴarta ta fari, yana ce mata saura biyu. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni a lokaci guda. Da girmana da furfurata na zauna a ƙasa na yi kuka.

Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta dungure mini kai.

"Tashi. Ɗauko ruwa. Jiƙawa a ka yi, ba a ɓamɓara da ƙarhi."

Na jiƙa gefen farantan, na jira, na sa bakin wuƙa a hankali. Duka biyun suka fito lafiya. Na kwashe sabuwar lakar da yatsa har na kai tsohuwar ƙasa. Sai a lokacin ta yarda ta sake shiga. Ta sa hannu a gurbinta ta gyaɗa kai. Ta sa a na auta, ta daɗe tana lalube, tana neman santsin da ta sani. Babu shi, sai sawun wuƙata.

"Hannun inna ya tahi," ta ce a hankali.

Wannan ne abin da ba a sayarwa a kowace kasuwa, kuma ni na kankare shi cikin minti biyu. Ita kuwa ta sa yatsu uku ta shafa ramin zagaye ɗaya, leɓunanta suka motsa. Ta juyo ta ce a shigo mata da kaya.

Damina uku ta yi a ɗakin. Farantan kasuwa biyun nan ta mai da su na cin goro, duk baƙon da ya zo sai ta ba shi labarin yadda mai ilimin gidan ya bizne ta da ranta, a yi ta dariya ina zaune. A shekara ta uku, bayan an shigar da gero rumbu, ta kira ni ta nuna mini inda ta ajiye tsumman a cikin adudu. Ta ce tunda na iya liƙi, kuma na ƙagu, ni zan yi nata. Bayan an yi addu'ar bakwai na kwaɓa laka a sakaina. Ya shiga gurbinsa daidai, ko gyara ban yi ba.

Yanzu ƙauyen ya canza. Ɗakunan amare da fenti ake yi musu ado da labule har ƙasa, ɗiya kuma in ta tafi gidan miji, kafin magariba ta kira uwarta a waya. Ba wanda ke buƙatar rami a bango don ya san ƴarsa na da rai. Sai dai akwai gidaje a tudun nan da ɗansu ya bi hanyar arewa neman aiki, wayarsa ta daina shiga, kuma iyayensu mata in sun shigo ganin ɗakin ba sa tambayata komai, sukan tsaya gaban ramin su yi shiru. Baƙi daga birni su ne masu ƙirga farantai. Sukan ce ashirin ne, saura ɗaya, wani ma ya ce ya san inda zan samu irinsa a Madawa. Nakan yi masa godiya.

In auta na da rai ta haura tamanin. Na san abin da hankali ke cewa, ni ma na yi lakwal. Amma babu wanda ya zo bisa jaki ko bisa mota ya miƙo mini tsumma. Don haka kowace safiya, bayan na idar da salla, nakan sunkuya in shiga, in sa yatsu uku. Har yau giɓin yana damuna, ba zan yi maka ƙarya ba. Shekaranjiya da rana ta leƙo ta ƙofa, na lura sawun wuƙar ya fara ɓacewa, ramin ya soma ɗaukar ƙyalli.